Ranar da Hoton Yaya Ya Tsaya

Markar bana ta zo da ƙarfinta. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo Fagge ba, shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ƙofar ɗakina ta kumbura har sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Jiya da hantsi ina tsince shinkafa a baranda na ji jikata tana tsaki, wai bidiyon da take kallo a waya ya tsaya mata. Kafin ta gama tsakin ma ya ci gaba. Na yi dariya ni kaɗai, don akwai wata marka, shekara goma sha biyar ko fiye da suka wuce, da tsayawar hoto ta yi wa gidanmu abin da gudunsa ba zai taɓa yi ba.

A waccan shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Wanda bai yi azumin damina ba sai ya ce sauƙi gare shi, tunda babu ƙishirwa. Gaskiya ne, maƙogwaro ba ya bushewa, amma yunwa tana da wani irin naci idan gari ya yi sanyi. Ga yini ya yi tsawo, ga tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo bai iso ba. Kananzir ya yi wuya, muka koma itace, itacen kuma jiƙaƙƙe. Tun azahar ake fara hura wuta, ana fifita ana hawaye, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi sama. Har yau idan na ji warin ɗanyen itace sai kunun tsamiya ya faɗo mini a rai.

Aiki kuwa tare muke yi da maƙwabciyarmu Iya Ganiyu, Bayarabiya ce da aka kawo Fagge tana amarya, ta tsufa a layinmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ta zube a wani wuri ba wanda ya damu ya gyara. Ita ke surfa wake, ni nake jiƙa gero, sai a haɗa a kai inji lokaci guda, don wutar lantarki ba ta zama, injin da ke aiki da gas kuma layi ne har bakin titi. Idan an dawo da markaɗe, ta soya ƙosai na gida biyu, ni in dama kunu na gida biyu. Abin da ya rufa mana asiri shi ne ganye. Zogale, rama, tafasa, duk damina ta kawo su a banza, a kwaɗa da ƙuli a ci a ƙoshi.

A cikin wannan hali aka kawo mana Inna daga ƙauye.

Inna ita ce mahaifiyata. Bayan rasuwar Malam, mahaifinmu, ta ce ita zaman birni ya ishe ta, ta koma ƙauyensu can ta wajen Sumaila, tana noma 'yar gonarta ta gado. Ba ta barin gona da damina ko da wa za a ɗaura wa aure. Don haka da na ga an sauke ta a ƙofar gida da ƙullin kayanta, gero yana shirin fitar da kai, na san babu lafiya. Ashe idonta na hagu ya daɗe da tafiya ba ta faɗa wa kowa ba, sai da ta fara cin karo da turmi.

Na kai ta asibitin ido a Sabon Gari. Likita ya duba, ya ce hawan jinin ido ne, wanda ya tafi ba zai dawo ba, na dama kuma yana bin sa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage masa gudu ne kawai. Inna ta tambaye shi ko za ta ga kaka. Ya ce da yardar Allah za ta ga ta bana. Bai ce komai a kan ta baɗi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da yamma na kira Yaya Mahmud a waya. Shi ne babbanmu, ɗan farin Inna, lokacin yana Koriya ta Kudu yana ƙarin karatun injiniya, kuma ba shi da halin zuwa gida sai ya gama, saura shekara biyu. Na faɗa masa abin da likita ya ce. Can ya ce, "Rabi, ina so ta gan ni kafin idon ya tafi."

Na ce, "Yaya, Inna fa? Ka manta da wa kake magana?"

Ya ce, "Ban manta ba. Ni dai ban iya tuna ranar da ta taɓa kallona ba. Ko sau ɗaya ne, ina so ya zamana an yi."

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, tunda uwa tana rungume ɗan farinta a tashar mota tana kiran sunansa da ƙarfi. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ana yaye Yaya kakarmu Hajja ta ɗauke shi, daga nan ya zama nata. Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai "na Hajja". Idan ya shigo ɗaki ta juya fuska bango. Idan ya gaishe ta, amsar ba ta wuce "lafiya", ita ma tabarma take faɗa wa. Ya kira waya kuwa, sai ta miƙa wa na kusa da ita kamar an ba ta garwashi. Na taɓa wanke hotonsa na ajiye mata a bakin gado, ta ɗauka ba ta duba ba ta ce, "Wani ya yar da kayansa a nan." Muna yara muna tsokanarta da wannan, ta bi mu da muciya. Ban taɓa tunanin abin yana ci wa Yaya rai ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Ya ce akwai hanyar da za a yi magana ta kwamfuta ana ganin juna. A ɗakinsa, in ji shi, abin yana nan dare da rana, kamar wuta a bango. Mu namu fa? Ya ce in nemi Ganiyu.

Ganiyu ɗan Iya ne, tare muka taso, Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Yana da shagon intanet a Sabon Gari, a saman wani bene kusa da kasuwa, inda samari ke cika suna duba sakamakon jarrabawa da labarin ƙwallo. Ni ina koyarwa a firamare a lokacin, ban taɓa taka wajen ba. Da na yi masa bayani ya ce, "Malama Rabi, wannan ai aikin lada ne. Matsala ɗaya ce, sama. Kin ga farantin nan da ke kan rufi? Ta nan sabis yake sauko mana. Hadari yana haɗuwa zai fara ciwon kai, ruwa yana sauka ya suma."

Wata matsalar kuma lokaci. Koriya ta riga mu da awa takwas, Yaya kuma yana ɗakin gwaji har yamma. Saboda haka sai da hantsinmu, wanda ya yi daidai da gab da shan ruwansu.

Shawo kan Inna ya fi shawo kan sama wuya. Ta ce wayar hannu ba ta isa ba ne? Ta ce ita ba ta zuwa gidan sinima da azumi a bakinta. Maigidana ne ya san kanta. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ai ba ke za ki je ba. Rabi ce za ta gaisa da yayanta, ni kuma ba na so ta shiga cikin samarin nan ita kaɗai." Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce to in rakiya ce babu laifi.

Daga nan na koma kallon sama kamar manomi, sai dai addu'armu ta saɓa. Kullum da asuba in fito tsakar gida in duba gabas. Wata rana na ce, "Allah Ka riƙe mana ruwan nan zuwa azahar," na jira amin ban ji ba. Na ce, "Inna, ba ki ce amin ba." Tana zaune tana zage zogale da hannu, don ta ƙi yarda a hana ta aiki, yatsunta sun san ganye ko ba ido. Ta ce, "Gero yana neman ruwa, ke kina korarsa saboda akwatin Ganiyu. Ba da bakina ba."

Zuwanmu na farko addu'arta ce ta ci. Mun shiga A Daidaita Sahu gari yana lumshe, kafin mu kai wajen Singa an kece. Lambatu suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shanye titi, ledoji da ɓawon rake suna iyo, masu dako suna tura kura cikin taɓo har gwiwa. Muka hau benen a jiƙe, ina riƙe da hannunta tana lalubar matakala. Ganiyu ya tare mu yana girgiza kai, samari duk sun jingina da kujeru suna kallon allon da ba ya motsi. Inna ta zauna a benci, ta saurari ruwa yana dukan kwano, ta ce, "Alhamdulillahi. Wannan ya kai ƙauye."

Zaman jiran da muka yi ranar ne na fara yi wa Ganiyu tambayoyi, don ni Allah Ya yi ni da son sanin yadda abu yake. Na ce me ya sa Yaya yake da abin nan a ɗakin kwanansa, mu sai mun keta ruwa? Can ba a yin damina ne?

Ya ce, "Ana yi mana. Su nasu ta igiya yake bi, a binne a ƙasa, har cikin gida. Ki ɗauka kamar ruwan sha ne. Su famfo gare su, kowa ya murɗa ya samu. Mu 'yan garuwa ne, ni nake sarowa da tsada in raba wa mutum goma sha, kowa ya samu kurɓi."

Na ce, "Ƙauyen su Inna fa?"

Ya ce, "Su ko rijiyar ba a haƙa ba tukuna."

Ya ce yana da ɗan uwa a Landan, shi ma famfo ne. Wani abokinsa da ke zuwa sari Kwatano ya ce can ma garuwa ce irin tamu. Ana ta labarin an jawo wata igiya ta ƙarƙashin teku har Legas, amma kafin ta hauro Kano sai Allah. Na yi ta juya maganar a raina, igiya a ƙarƙashin teku, kifaye suna wucewa ta kanta, gaisuwar mutane tana gudu a ciki. Inna da na zaci gyangyaɗi take yi ta ce, "Wanda ya binne ta ya sha ruwa."

Da daddare na ba Yaya labari a waya, ya ce abin da ya fi ba shi mamaki ba birnin ba ne. Wani abokin karatunsa ya taɓa kai shi ƙauyensu a cikin duwatsu, gidaje kaɗan, duk tsofaffi, matasa sun gudu birni kamar dai namu. Amma igiyar ta bi su har can. Ya ga wata tsohuwa, bayanta ya rankwafa saboda aikin gona, ta shanya barkono a tsakar gida, ta shiga ɗaki ta zauna gaban kwamfuta tana duba yadda ake sayar da shi a birni kafin dillali ya zo. Na maimaita wa Inna, ina cewa "an ce" don kada in ambaci mai faɗa. Ta daina abin da take yi ta ce, "Barkono irin namu?" Na ce haka aka ce. Ta ce, "To dillalan garin sun shiga uku." Jim kaɗan ta ƙara da cewa, "Ana samun tuwo a can kuwa?" Ba ta ce wa take tambaya wa ba, ni ma ban ce na gane ba.

A ƙauyen su Inna a lokacin, ko wayar hannu sai an hau wani tudu a bayan makabarta, inda wata tsohuwar kuka take. Nan ake taruwa da la'asar, kowa ya ɗaga hannu sama yana neman sanda ɗaya. Sirri babu shi, duk wanda ya kira ɗansa a Legas gari ya ji abin da aka aiko masa.

Zuwa na biyu babu ruwa, amma janareta ya ƙi tashi, da ya tashi kuma murya kawai muka samu, tana zuwa a gutsure kamar ana yanka ta da almakashi. Kwanaki suna tafiya, azumi ya raba tsakiya. Na lura Inna ta fara juya kai gaba ɗaya idan za ta dubi abu, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ita kuma ta fara zancen komawa gida, wai ciyawa ta cinye mata gyaɗa.

Ranar da abin ya yiwu, gari ya waye fes, rana ta fito da zafin nan na bayan ruwa mai sa ƙasa tururi. Can gabas akwai ɗan baƙi amma ya yi nisa. Ganiyu ya ware mana kwamfutar lungu, ya rataya zanin Iya ya kare mu daga samari, har ya roƙe su su ɗan dakata da abin da suke yi don kurɓin namu ya yi yawa. Suka yarda kuwa, Allah Ya yi musu albarka. A saman kwamfutar akwai ɗan idon ɗaukar hoto kamar goruba. Na zauna a kujera, Inna ta zauna a gefena, ta ba allon kafaɗa.

Sai ga Yaya. Hoton ya yi dishi-dishi, amma shi ne, da farar riga, farin bango a bayansa, da kofin ruwa a hannu yana jiran lokaci. Na yi ihu na manta a cikin mutane nake. Muka gaisa, maganarsa tana riga bakinsa isowa. Ya ce saura kaɗan su sha ruwa. Inna ta ce wa zanin Iya, "Da rana tsaka? Wane irin azumi ne wannan?" Na ce can magariba ta kusa. Ta ce, "Ikon Allah," har yanzu dai zanin take kallo.

Yaya ya gyara zama ya ce, "Inna, ina wuni. Ya jiki? Ya ibada?"

Ta ce, "Lafiya."

Ya ce, "Inna, ga ni nan fa."

Ta ja mayafi ta ƙara rufe gefen fuskarta. Na taɓa ta da gwiwar hannu, ta ture ni. Na ji kamar in fashe da kuka don haushi. Mun keta ruwa, mun hana 'ya'yan mutane aikinsu, ga shi ga ta, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, ta zaɓi kallon zani. Yaya ya ɗaga kofin kamar zai ce wani abu, sai hoton ya tsaya cak, kofin a sama, bakinsa a ɗan buɗe.

Na ƙwalla wa Ganiyu kira. Ya leƙo, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Kash, ya daskare. Sabis ne ya yi ƙasa. Sai mun jira."

Inna ta ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Hanya ce ta toshe, Inna. Hotonsa ne kawai ya rage a jikin gilashi."

Sannan ta ce, a hankali, "Yanzu ba ya ganin nan?"

"Ba ya gani."

"Ba ya ji?"

"In ya yi haka ba ya ji, Inna."

"Da azumi a bakinka, Ganiyu."

Ya ce, "Da azumi a bakina, haka na san shi."

Ta juyo gare ni ta ce, "Ke, tashi ki duba mini ko hadarin nan ya taso." Na buɗe baki zan ce ga taga nan, sai na ga fuskarta, na tashi. Ganiyu ma ya tuna yana da aiki a wajen janareta. Amma ni ba a haife ni da haƙurin rashin gani ba. Na zagaya bayan zanin, na sami wata 'yar ɓula, na sa ido.

Ta lallaɓa ta koma kujerata. Ta janye mayafin. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta karkata kai don idon dama ya samu hanya, ta fara bin fuskar Yaya daga goshi, sannu a hankali, kamar yadda take bin kunya a gona. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ya rame. Ta ce ji furfura tun yanzu, ta gidan su Malam ce. Ta sa yatsa a kan girarsa ta hagu ta ce, "Tabon yana nan." Ni ban ma san yana da tabo a wajen ba. Daga baya na ji cewa yana rarrafe ya faɗa kan bakin murhu, a gabanta, kunya ta hana ta ɗaukarsa sai da Hajja ta rugo daga ɗaki.

Ana cikin haka na ga hoton ya washe, ya fito tas fiye da ɗazu, har ana ganin saƙar wuyan rigarsa. Inna ta ce, "Yauwa," ta ƙara matsawa. Ganiyu ya dawo zai wuce, ya hango allon ta saman zanin, ya ɗan tsaya, sai ya yi tari ya koma inda ya fito. Ban kawo komai a raina ba.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, na dai san ƙafata ta yi sanyi a tsaye. Ta kalle shi ta ƙoshi. A ƙarshe ta shafa gilashin da bakin mayafinta, kamar mai share wa yaro fuska, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya sa ka gama lafiya." Iska ta taso, kwanon rufi ya fara ƙara, ɗigon farko ya sauka, allon ya yi baƙi. Kafin in zagayo ta koma wurinta ta ba kwamfuta kafaɗa.

A hanyar gida, muna cikin A Daidaita ruwa yana feso mu, ta ce, "Na ji numfashinki a bayan zani. In kika faɗa masa ban yafe ba." Na ce to.

Da Yaya ya kira da daddare na ce masa ya yi haƙuri, sabis ne ya ci amanarmu. Ya ce babu komai, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Bai ƙara neman a sake gwadawa ba, na ɗauka fushi ya yi. Wannan abu ya daɗe yana damuna, ina riƙe da abin da zai faranta masa rai, an ɗaure mini baki.

Inna ta koma ƙauye bayan salla, ta ga kakar shekarar kamar yadda likita ya ce. Kafin wata damina idon ya rufe. Da Yaya ya dawo ya je gaishe ta, ba ta ganin komai, amma duk da haka sai da ta juya fuska bango ta ce, "An dawo? Sannu."

Abubuwa sun canja a Kano tun daga lokacin. Ganiyu ya rufe shagon ya koma sayar da wayoyi, don yanzu kowa da garuwarsa a aljihu, wasu gidajen ma an ja musu famfon. Ni da kaina ina ganin 'yar Yaya da ke karatu a waje ina kwance a gadona. Ƙauyen su Inna kuwa an kafa ƙarfen sabis a garin da ke bakin titi, murya tana isowa har cikin gida, amma hoto ko bidiyo har yau sai an hau tudun kuka. Yaran da za su yi rajistar jarrabawa mota suke shiga. Na kan tambayi Yaya me ya sa igiya ta iya hawa duwatsun Koriya ta kasa bin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zuwa Sumaila, ya yi mini dogon bayani a kan yawan gidaje da wutar lantarki da wanda zai ɗauki nauyi. Ina ganewa, amma washegari sai tambayar ta dawo mini sabuwa.

Inna ta rasu shekara shida da suka wuce, a ƙauye, ita ma da damina. Bayan sadakar uku Yaya ya ce zai hau tudu ya amsa saƙonnin ta'aziyya, na bi shi. Muka tsaya a gindin kukar, gero kore shar ta kowane gefe, yana ɗaga waya sama kamar kowa. Na ga alkawari ya ƙare tunda mai shi ta tafi. Na ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye maka. Ranar nan a shagon Ganiyu, da hotonka ya tsaya…"

Ya sauke wayar ya ce, "Ta ce na rame."

Na juyo na kalle shi.

Ya ce, "Ta ce tabon yana nan. Rabi, ku ne hotona ya tsaya muku. Ni a wajena babu abin da ya tsaya, ina ganinku ina jin ku. Na ji Ganiyu yana cewa ba na gani, har na buɗe baki zan ce ina ji, sai na ji ta kore ki."

Na ce, "To ai daga baya hoton ya washe."

Ya ce, "Ni ban san lokacin da ya dawo muku ba, shi ya sa ban yarda na motsa ba ko kaɗan. Lokacin shan ruwa ya yi ya wuce, kofi yana hannuna. Hannun ya sage, idona yana yaji, ina tsoron in ƙifta ta gane." Ya dubi wajen makabarta. "Fuskarta ta cika mini allo gaba ɗaya. Shekarata arba'in da ɗaya a duniya, ranar na san Inna tana da ɗan baƙin tabo a cikin farin idonta na dama."